Tsakanin Kanal da Ɗakin Karatu: Me Jami'o'i Suka Mayar wa Manoman Kura da Bunkure?

Wanda ya kama hanyar Zariya daga Kano a watan Janairu ko Fabrairu, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Karfi, zai ga ƙasa ta sauya launi. Busasshen karan dawa da ƙurar hunturu sun ƙare, sai kore shar dama da hagu: alkama, albasa, tumatir, masara da ake gasawa a bakin titi a tsakiyar rani. Ruwan da ya raya wannan yanki daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Babban kanal ne ke ɗauko shi, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu gida biyu, reshe guda ya nufi wajen Bunkure, ɗayan ya ratsa Garun Malam da Kadawa zuwa Kura. Ba inji ke tura shi ba, gangara ce kawai. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana tsarin, an kuma yi niyyar shayar da hekta 22,000 a zangon farko, ko da yake ba a kai ga cike wannan adadi ba. Tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke riƙe da ragamarsa.

Akwai wata albarka ta biyu da yankin yake da ita, wadda ba a cika lissafa ta ba. Da wuya a sami filin noman rani a Nijeriya da manyan makarantu suka yi wa zobe kamar wannan. Jami'ar Bayero tana arewa da shi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, tana gabas. Jami'ar Ahmadu Bello tana kudu, kuma ita ba maƙwabtaka kawai ta yi ba, shigowa ta yi ta zauna: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar binciken noman rani a Kadawa, a tsakiyar gonakin. A Bagauda kuma akwai reshen NIHORT, cibiyar ƙasa mai binciken kayan lambu. Sama da shekara arba'in ke nan ɗalibai da malamansu ke ɗiban ƙasa da ruwa da bayanai daga Kura da Bunkure. Mutane da yawa sun zama daktoci da furofesoshi da abin da suka ɗiba a nan. Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya komo hannun wanda aka ɗiba a gonarsa?

Adalci ne a fara da abin da ya komo, domin ba kaɗan ba ne.

Cibiyar Samaru ta girmi jami'ar da take ƙarƙashinta. An kafa ta a 1922, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Lokacin da ruwan Tiga ya iso, manomin wannan yanki gwani ne a noman damina da ɗan lambun fadama, amma bai taɓa shuka alkama eka-eka ba. Gonakin gwaji na Kadawa na cikin wuraren da aka daidaita abubuwan da yau kowane manomi ke ɗauka tamkar gadonsu ya yi: yawan irin da eka ke ci, tazarar ban ruwa, lokacin zuba taki, da kuma babba a cikinsu, lokacin shuka. Alkama 'yar sanyi ce. In an shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, takan yi ido a cikin hunturu, ƙwaya ta cika. In aka makara, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris ya riske ta tana tsakar zuba ƙwaya, sai ta motse, buhu ya yi sakayau. Irin da aka fara da su, irin su Siete Cerros, daga Meziko suka zo, kuma sai da aka gwada su a wannan ƙasa kafin a miƙa wa manoma. Daga baya alhakin binciken alkama ya koma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, amma filayen Kadawa ba su daina karɓar gwajin sababbin iri ba. Shinkafar da ta mamaye yankin kuwa, wadda manoma ke kira sipi, ita ce FARO 44 a takardun masu bincike. Waken SAMPEA da masarar SAMMAZ da ake gani a shagunan iri, haruffan farko na sunansu daga Samaru aka ciro su.

Wani abin da jami'a ta yi wa yankin, wanda ya fi iri wuyar gani, shi ne faɗin gaskiya a lokacin da hukuma ba ta son ji. A ƙarshen shekarun 1970, wata mai bincike, Tina Wallace, da ke aiki a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi nazarin yadda aikin noman ranin ya shafi talakan manomi. Ta nuna cewa noman rani na zamani kuɗi yake ci tun kafin a ga amfaninsa: kuɗin tarakta, kuɗin ruwa, taki, 'yan ƙwadago. Wanda ba shi da ƙarfi sai ya ba da gonarsa haya ga mai hali, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni, shi kuma ya koma ƙwadago. An kuma matsa wa manoma su rage dawa, abincin gidansu, saboda tana daɗewa a gona tana tare wa alkama wuri. A daidai wannan lokaci Cecile Jackson ta bibiyi rayuwar matan yankin, har ta rubuta a 1978 yadda matan da ke ƙwadago a gonar kayan lambu ta wani kamfanin Turawa suka yi yajin aiki kan ƙarancin lada. Sai kuma littafin The Wheat Trap na 1985, wanda Gunilla Andrae da Björn Beckman suka rubuta, shi Beckman yana koyarwa a Zariya a lokacin. Hujjarsu ita ce, ƙasar ta saba wa kanta da cin burodi, sannan tana zuba dukiya mai yawa a manyan madatsu don noma alkamar da yanayinta bai ba ta dama sosai ba. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, manoman Kura da Kadawa suka sami 'yan shekaru na ciniki, da aka janye haramcin a farkon shekarun 1990 kuma farashi ya faɗi, da yawa suka bar ta.

Duk waɗannan rubuce-rubuce da Turanci aka yi su, wasu ma a ƙasashen waje aka buga. Jikokin mutanen da aka yi nazarinsu suna nan suna noma gonakin, kuma matsalar hayar gona da aka bayyana sama da shekara arba'in da suka wuce ba ta gushe ba. Da wuya ka sami wanda ya taɓa jin cewa an rubuta labarin kakarsa.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma ɗalibin yau shi ne ya fi kowa sanin haka, domin shi ake turowa.

Digirin aikin gona shekara biyar ne, ta huɗu kuma ta aikin hannu ce. A shekarar ƙarshe kowa sai ya rubuta kundi. Ga ɗalibin sashen tattalin arzikin noma ko na faɗakar da manoma, Kura ita ce wuri mafi sauƙi: mota ɗaya daga Unguwa Uku, manoma ga su nan birjik, amfanin gona iri-iri. Sai ya buga takardun tambayoyi da kuɗin aljihunsa, ko na mahaifinsa, ya sauka da sassafe ya nemi mai unguwa ko shugaban ƙungiya ya haɗa shi da mutane. Ya iske dattijo a bakin ƙaramin kanal, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana danna bakin tiyo da tafin hannu cikin ruwa har ya ja, ya kwantar da shi kan gaɓa ruwa ya fara malala cikin kwami. Ɗalibi ya rusuna, ya ce, "Baba, sannu da aiki." Dattijo ya amsa, "Yawwa ɗan samari, sannu kadai." Daga nan tambayoyi su fara, ana karanta su da Turanci a zuci ana juya su da Hausa a baki: shekarunka nawa, iyalinka nawa, eka nawa kake nomawa, buhu nawa ka samu bara, nawa ka sayar. Dattijon zai amsa, domin baƙo ne, kuma ɗan wani ne. Amma ba zai faɗi ainihin buhunan da ya samu ba. Wa ke bayyana wa baƙo cikin rumbunsa? Bai sani ba ko lissafin haraji ne, ko kuwa rajistar tallafi ce, wadda a cikinta gara a nuna rashi. A ƙarshe zai yi tambayarsa shi ma, ita ce kuma tambaya mafi muhimmanci a duk zaman: ganyen tumatir ɗinsa na naɗewa yana yin rawaya, mene ne magani? Sau da yawa ɗalibin ba fanninsa ba ne, sai ya ce zai tambayo.

Ba na ganin laifin yaron nan. Ba a ba shi kuɗin bincike ba, ba a ba shi kuɗin komowa ba, kuma mai yiwuwa yajin aiki ya riga ya cinye masa shekara, kamar na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda gwajinsa na gona ne ya fi shi shan wuya, domin shuka ba ta san an rufe makaranta ba: in lokacin alkama ya wuce, sai baɗi. Malaminsa ma ba da yawan manoman da ya amfanar ake yi masa ƙarin girma ba, da yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilimi ne. Tsari ne ya ɗora kowa a kan wannan hanya. Sakamakon dai shi ne, kundi ya sha bango mai kauri ya hau kanta a sashe, wani ɗalibin kuma ya zo baɗi da kusan tambayoyin da aka yi bana.

Gurbin da jami'a da malamin gona suka bari, mai shagon maganin feshi ne ya cike shi. Shi ke nan kullum, da Hausa yake magana, yana ba da bashi, kuma yana da amsa ga kowace cuta. An ga illar haka ƙarara a 2016, shekarar da tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta afka wa tumatir. Sunanta a ilimi Tuta absoluta, asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso nan. Malam-buɗe-littafi ne ɗan ƙarami mai yawo da dare, tsutsarsa kuma cikin naman ganye take shiga ta yi rami, ta huda ɗanyen tumatir. Maganin da aka fesa a sama bai cika isa gare ta ba, kuma tana saurin sabawa da guba. Manomi ya fesa, bai ga sauyi ba, ya ƙara ƙarfi, ya haɗa kala biyu ko uku a tanki ɗaya, yawanci ba takunkumi ba safar hannu. Gonaki suka ƙone cikin kwanaki. Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana kuma a shekarar ta fara aiki, ta tsaya saboda rashin kaya.

Masu bincike sun san abin yi: tarkon ƙamshi mai janyo namijin ƙwaron, tarkon fitila da tiren ruwa irin wanda NIHORT ta fito da shi, sauya jinsin magani don kada tsutsa ta saba, ƙone ragowar shuka bayan girbi, hutar da fili daga tumatir da danginsa. Sai dai waɗannan dabaru ba sa aiki in mutum ɗaya ne ya yi. In maƙwabcinka ya bar tsohon tumatir a tsaye, daga can za a sake kawo maka hari. Aiki ne na shawo kan sashe guda na manoma su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, wannan kuwa sai wanda ya zauna da mutane har suka yarda da shi. Sharon ta sake dawowa da ƙarfi a 2023.

Kada a ce shawara ba ta da daraja a wurin manomi. Cibiyar AfricaRice ta gwada wata manhajar waya mai suna RiceAdvice a tsakanin manoman shinkafa na Jihar Kano, wadda ke ba kowane manomi shawarar taki daidai da gonarsa da aljihunsa. Sakamakon da aka buga ya nuna waɗanda suka sami shawarar kawai, ba tare da an ba su ko mudun taki ba, amfaninsu ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin ɗari, ribarsu da kimanin kashi 10. Magana ce kawai aka kai musu, amma maganar da ta dace da gonar, a lokacin da ake bukatarta.

Jami'ar Bayero ta ɗauki hanyar da ke ba da fata. A 2012 ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka fi sani da CDA, da tallafin Gidauniyar MacArthur, Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin ne ya fara jagorantarta. A 2014 cibiyar ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa. Tana da ɗakunan gwajin ƙasa da tsirrai na zamani, da gonar koyarwa, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashe maƙwabta, tana kuma aiki da cibiyoyin binciken noma na IITA da ICRISAT da ke da ofisoshi a Kano. Ta riƙi wasu ƙauyuka da ke kewaye da sabon matsugunin jami'ar tana koya musu dabarun noma. Wannan abin yabo ne. Amma Kura da Bunkure ba a bayan katangar jami'a suke ba, kuma irin tambayoyinsu daban ne da na mai noman damina.

Babbar tambayarsu ruwa ce, ba ƙarancinsa kaɗai ba, har da yawansa. Tun da shinkafa ta zama sarauniyar yankin, musamman bayan shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a 2015 da rufe iyakokin ƙasa a 2019, ana tsayar da ruwa a gonakin da tun asali don alkama da kayan lambu aka tsara su. Magudanan da ya kamata su kwashe rarar ruwa, wasu sun cike da laka, wasu an nome su. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, a wasu wurare kanwa ta fara fitowa fari-fari a saman kunya. Na bakin kanal yana sha har ya yi ɓarna, na ƙarshen layi yana kwana a gona yana jiran rabonsa, ko ya sayi fetur ya tayar da inji. Shinkafar damina in ta makara a gona, ita ke tura shukar alkama cikin zafi. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki. Yaran da ke wanka a kanal suna kamuwa da tsargiya. Can ƙasa kuma, a dausayin Haɗeja da Nguru, masunta da makiyaya da manoman fadama suna rayuwa ne da abin da madatsun Tiga da Challawa suka sako musu, kuma tun a shekarun 1990 masana irin su Edward Barbier suka yi lissafin cewa ruwan da ake tarewa a sama yana da tsadar da na ƙasa ke biya.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi dala miliyan 495, ya gyara kanal da ƙofofin ruwa a nan da Bakolori da kwarin Haɗeja da wasu wurare, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna kula da ƙananan hanyoyi da kansu. A ƙarƙashinsa ne Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta haɗa hannu da wata jami'a ta birnin Madrid kan yadda za a mayar da kachala abincin dabbobi da iskar girki. To amma siminti yana tsufa, aikin bashi kuma yana da ranar ƙarewa. Jami'a ce kaɗai hukumar da ba ta tashi, kuma kowace shekara tana da sababbin hannaye ɗaruruwa da ke neman abin aunawa.

Ga ganina, gyaran bai fi ƙarfin jami'o'in nan ba, ko da kuɗin da suke da shi yanzu. Kafin a raba wa ɗalibai batutuwan kundi, a zauna da shugabannin ƙungiyoyin ruwa, da matan Kura masu turara shinkafa, da dillalan tumatir na Kwanar Gafan, a ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Matar da ke turara shanshera tana son sanin yadda za ta rage itacen da take ƙonawa da tsakuwar da ke karya mata farashi. Mai tumatir yana kallon kwandunan da aka jibga kan juna a bayan mota za su yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, na ƙasa yana tsiyayar ruwa tun kafin a bar Kano, wanda bai samu shiga mota ba kuma a yanka shi a shanya a ƙasa ya zama kauɗa mai yashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin injiniya ko na masanin abinci. Sannan a sa sharaɗi: ba za a sa hannu a kundin da aka yi a kan manoma ba sai ɗalibi ya rubuta shafi biyu da Hausa, ya koma ya karanta wa waɗanda ya yi wa tambayoyi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da fassara, tana da sashen da ake rubuta digirin digirgir da Hausa, tana da gidan rediyonta. Abin da ya rage shi ne tsangayar aikin gona ta taka zuwa can.

Shekarar aikin hannu ma ta cancanci a sake duba ta. Maimakon ɗalibai su ƙare ta a gonar makaranta da 'yar ziyarar yini guda cikin bas, a raba su rukuni-rukuni a sassan aikin ruwan, kowane rukuni ya yi rani guda cur a wuri ɗaya, daga dashe zuwa kaka, a ƙarƙashin malami da shugaban ƙungiyar ruwa. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan waɗannan garuruwa ne, ba sa bukatar masauki ko tafinta. A haƙa 'yan rijiyoyin awo a kowane sashe, su riƙa auna zurfin ruwan ƙasa da gishirinsa duk mako, su ƙirga ƙwarin da tarko ya kama, su rubuta ranar da ruwa ya isa gonar ƙarshe. Rukunin baɗi ya ɗora daga inda na bana ya tsaya, a rijiyoyin nan dai, a littafin nan dai, kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a hannun ƙungiya. Cikin shekara biyar shugaban ƙungiyar ruwa a Bunkure zai iya shiga ofishin hukumar kogi da alƙaluman sashensa a hannu, ya nuna magudanar da ta toshe da eka nawa kanwa ta ci, ya nemi a kawo injin yasa kafin a saki ruwan rani.